Gidan Marayu ko Gidan Dangi: Abin da Dokokin Kare Yara Ke Nufi ga Iyalai a Arewa

A watan Mayun 2023, kwanaki kaɗan kafin ya sauka daga mulki, gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya sa hannu a kan dokar kare yara ta jihar, shekara 20 bayan da gwamnatin tarayya ta kafa tata dokar ta 'yancin yara. Kaduna ta riga ta yi tata tun 2018, akasarin sauran jihohin Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas kuma sun bi sahu tsakanin 2020 da 2023. Muhawarar da aka tafka a gidajen rediyo da zaurukan malamai kusan duk ta ƙare ne a kan shekarun aure, har mutane da yawa suka ɗauka cewa babu abin da dokar ta ƙunsa sai wannan batu. Alhali kuwa kaso mai yawa na irin waɗannan dokoki yana amsa wata tambaya ce da ta fi kusa da rayuwar yau da kullum: idan iyaye sun rasu, ko sun rabu, ko sun gaza, ko kuma su ne ke cutar da yaro, wa zai riƙe shi, da izinin wa, kuma wa zai riƙa leƙawa ya ga halin da yake ciki?

Rashin bayani a kan wannan ɓangare ya bar mutane da tambayoyi. Mai riƙon 'ya'yan ɗan'uwansa yana son sanin ko sai ya je kotu. Masu gidajen marayu suna jin raɗe-raɗin cewa duniya ta daina yayin irin gidajensu. Wasu iyayen kuma suna fargabar cewa hukuma za ta iya ɗauke musu 'ya'ya saboda talauci.

Kalmomin da ake yawan cakuɗawa

Idan ma'aikatan wannan fanni suka ce walwalar yara, suna nufin dukkan dokoki da ma'aikata da kuɗin da aka tanada domin ayyuka biyu. Na farko shi ne rigakafi, wato tallafa wa iyali tun kafin lamarinsu ya taɓarɓare har yaro ya bar gida. Na biyu shi ne kai ɗauki bayan cutarwa ta auku. Kulawa a cikin al'umma kuwa ita ce a yi waɗannan ayyuka a inda yaron yake zaune, ta hannun mutanen da suka san shi kuma suka san gidansu, maimakon a ɗauke shi a kai shi wani gini da ke nesa da danginsa da makarantarsa.

Yaron da ba ya hannun iyayensa yana iya kasancewa a ɗaya daga cikin wurare kaɗan. Akwai riƙon dangi, wanda kaka ko gwaggo ko kawu ke yi ba tare da takarda ba. Akwai riƙon da kotu ke bai wa wanda ba dangi ba, na ɗan lokaci ko na dogon zango, ba tare da an yanke alaƙar yaron da iyayensa ba. Akwai kafala, wadda Musulunci ya sani, inda mutum ke ɗaukar nauyin ci da sha da tarbiyyar yaro amma yaron yana nan da sunan mahaifinsa da nasabarsa. Akwai mayar da ɗan wani ɗa ta hanyar doka, inda haƙƙoƙin iyaye na asali ke komawa gaba ɗaya ga sababbin iyaye, har da suna da gado. Sai kuma gidajen yara, na gwamnati irin na Nassarawa a Kano, da na ƙungiyoyi da na ɗaiɗaikun mutane.

Shi ma maraya ba ma'ana ɗaya gare shi ba. A fikihu, maraya shi ne wanda mahaifinsa ya rasu kafin ya balaga. A ƙididdigar hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa, duk ɗan ƙasa da shekara 18 da ya rasa uwa ko uba ko dukansu maraya ne. A duka ma'anonin biyu, mafi yawan waɗanda ake kira marayu suna da mahaifi ɗaya a raye, galibi uwa. Wannan yana da muhimmanci, domin jin adadin marayu kan sa mai niyyar alheri ya fara tunanin gina ɗakunan kwana, alhali abin da yawancinsu suka rasa shi ne mai ciyar da gidan da suke ciki.

Yadda dokar ta iso Arewa

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar 'yancin yara a ranar 20 ga Nuwamban 1989, Najeriya kuma ta rattaba amincewarta a 1991. Sashe na 20 na yarjejeniyar ya ambaci kafala da sunanta a cikin hanyoyin da aka yarda a kula da yaron da ya rasa iyalinsa, abin da masu cewa yarjejeniyar ba ta san da Musulmi ba ba su cika ambatawa ba. A 2003 Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa hannu a kan dokar 'yancin yara, amma da yake tsarin mulki bai sanya al'amuran yara a hannun tarayya ba, dokar ta tsaya a Abuja, kowace jiha sai ta yi tata.

Jinkirin jihohin Arewa yana da dalilai da aka sani. Ban da shekarun aure, akwai batun mayar da ɗan wani ɗa, wanda ya ci karo da aya ta 4 da ta 5 na Suratul Ahzab da suka yi umarnin a kira yara da sunan ubanninsu. Akwai kuma batun hurumin kotu, domin dokar tarayya ta ƙirƙiro kotun iyali a matakin majistare da na babbar kotu, alhali sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya riga ya bai wa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci hurumi a kan waliccin yaro da batun tsintaccen jariri idan masu shari'ar Musulmi ne. Saboda haka jihohi da dama suka yi wa daftarin gyare-gyare kafin su zartar, kuma shi ya sa dokar wata jiha ba lallai ta yi daidai da ta maƙwabciyarta ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, dokar tarayya ta ɗora wa gwamnatin jiha nauyin kare yaran da ke cikin buƙata tare da taimaka wa iyalansu su raine su da kansu. Wato a rubuce, tallafa wa iyali ne mataki na farko, ɗauke yaro kuma na ƙarshe.

Dalilin da ya sa aka fara juya wa manyan gidajen marayu baya

Hujjar da ta fi tasiri ta fito ne daga Romaniya. A 1966 gwamnatin Nicolae Ceausescu ta matsa wa jama'a lamba su yawaita haihuwa, iyalai matalauta kuma suka riƙa miƙa wa gwamnati 'ya'yan da suka kasa ciyarwa. Da gwamnatin ta faɗi a Disambar 1989, an iske yara fiye da 100,000 a gidajen gwamnati. A shekarar 2000 wasu masana uku daga Amurka suka fara bincike a kan yara ƙanana 136 da ke irin waɗannan gidaje a babban birnin ƙasar. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka kai su riƙo a gidajen iyalai da aka horar kuma ake biya, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Da aka bi su shekara da shekaru, an ga waɗanda aka kai riƙo sun fi takwarorinsu kaifin fahimta da iya magana da shaƙuwa da mai rainonsu, kuma ribar ta fi bayyana ga waɗanda aka fitar kafin su cika shekara 2.

Bayanin da masana suka bayar ba mai wuya ba ne. Jariri yana buƙatar mutum ɗaya ko biyu tabbatattu da za su amsa kukansa, su yi masa magana, su san halinsa. A gidan da ma'aikaciya ɗaya ke kula da yara da yawa, kuma ma'aikata ke karɓa-karɓar aiki, wani ya tafi wani ya zo, yaro na iya ƙoshi da abinci amma ya rasa wannan. Matsala ta biyu tana jiran ranar fita. Saurayi ko budurwar da ta tashi a gidan yara tana kai shekara 18 ba ta da gonar gado, ba ta da waliyyi, ba ta da dangin da za su tsaya mata ranar aure ko ranar neman aiki, kuma a ƙasar Hausa, inda ake tambayar asalin mutum kafin a ba shi aure, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne.

A Disambar 2009 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi na'am da wasu ƙa'idoji kan kula da yaran da ba sa hannun iyayensu. Ginshiƙansu biyu ne: kada a raba yaro da iyalinsa sai ya zama dole, idan kuma ya zama dole, a zaɓa masa wurin da ya dace da shi shi kansa. Ƙa'idojin sun fayyace cewa talauci kaɗai ba zai zama dalilin ɗauke yaro daga iyayensa ba, sai dai ya zama alamar cewa iyalin na buƙatar tallafi, sun kuma ce yara ƙanana, musamman 'yan ƙasa da shekara 3, a cikin iyali ya kamata a raine su. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2020 ya ce yaran da ke zaune a irin waɗannan gidaje a duniya sun kai kusan miliyan 5.4, ƙungiyoyin kare yara kuma sun daɗe suna cewa kimanin 4 cikin 5 na irin waɗannan yara suna da uwa ko uba a raye.

Sai dai ba kowane masani ne ya yarda a yi wa dukkan gidajen yara kuɗin goro ba. Wani bincike da masana daga jami'ar Duke ta Amurka suka wallafa a 2009 ya duba yara kusan 3,000 'yan shekara 6 zuwa 12 a Kambodiya da Habasha da Indiya da Kenya da Tanzaniya, ya kuma gano cewa waɗanda ke gidajen yara ba su gaza waɗanda ke riƙo a cikin al'umma ba ta fuskar lafiya da girma da karatu, a wasu ma'aunan ma sun ɗan fi su. Masu wannan ra'ayi suna cewa gidajen Romaniya na zamanin kwaminisanci ba su yi kama da ƙaramin gidan da wata baiwar Allah ke riƙe da yara goma sha a unguwarsu ba, kuma ingancin kulawa ya fi sunan wurin muhimmanci. Masu gidajen marayu a nan gida suna ƙara wata hujjar: idan aka tsinci jariri a kwata ko a bakin asibiti da tsakar dare, dole a sami inda za a kai shi kafin gari ya waye.

Idan aka auna hujjojin biyu, ba su yi nisa da juna kamar yadda masu muhawarar ke nunawa ba. Binciken Romaniya ya shafi jarirai ne da aka kai riƙo gidajen iyalan da aka tantance kuma ake sa wa ido, na ƙasashe biyar ɗin kuma ya shafi manyan yara ne da aka kwatanta da iyalai matalauta waɗanda ba wanda ke tallafa musu. Abin da suka haɗu a kai shi ne, iyali yana fin gidan yara ne idan iyalin yana da abin riƙe yaron kuma akwai mai duba shi. Nan ne maganar ta dawo kan riƙo irin namu.

Riƙo: abin da ya ɗauke da abin da ya ɓoye

Babu wata hukuma a Arewa da ke riƙe da yara ko kusa da yawan waɗanda dangi ke riƙe da su. Rikicin Boko Haram tun 2009 da ta'addancin 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato sun bar dubban yara ba iyaye, kuma mafi yawansu a ɗakunan kakanni da 'yan'uwa suka ƙare. Al'adar tana da tushe mai ƙarfi. Hausawa na cewa ɗa na kowa ne, kuma tun kafin a san da ma'aikatar mata ana bai wa matar da ba ta haihu ba ɗan riƙo, ana kai yaro yaye wurin kaka ya zauna ke nan. Fikihun Malikiyya ya tsara wanda ya fi cancantar reno bi da bi, daga uwa sai kakar wajen uwa kafin a gangara ga sauran dangi, ya ɗora ciyarwa a kan uba ko da an rabu, ya kuma mayar da ɗaukar tsintaccen yaro farilla a kan al'umma, wadda idan wani ya yi ya ɗauke wa saura. Hadisin da Annabi (SAW) ya kwatanta kusancinsa da mai kula da maraya a Aljanna da yatsu biyu sananne ne ga kowa. Mai riƙon da ke son yaron ya amfana da dukiyarsa yana da hanyar kyauta tun yana raye, ko wasiyyar da ba ta wuce kashi ɗaya bisa uku ba.

Amma tsarin da ba shi da rajista ba shi kuma da mai binciken sa. A cikin sunan riƙo ne ake kawo yarinya daga ƙauye a ce za a sa ta makaranta, ta ƙare a wanke-wanke da talla yayin da 'ya'yan gida ke tafiya aji. A cikinsa ne agola ke zama bare a gidan mijin uwarsa, kuma a cikinsa ne gadon marayu ke narkewa a hannun wanda aka damƙa wa amana, duk da gargaɗin aya ta 10 ta Suratun Nisa'i. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa yara 6 cikin 10 a Najeriya sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, waɗanda suka sami taimakon wata hukuma kuma ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Akasarin masu cutarwar mutane ne da yaron ya sani, shi ya sa kawaici da gudun tona asirin gida ke rufe bakin maƙwabta.

Rashin rajista yana da wata illar. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna cewa kimanin kashi 57 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajistar haihuwa. Yaron da ba shi da takarda yana da sauƙin ɓacewa. A Oktoban 2019 'yan sanda suka sanar da gano yara 9 da aka sace daga Kano aka sayar a Onitsha ta jihar Anambra, wasunsu an sauya musu suna har sun manta Hausa. Makonni kafin nan, a Satumba, an buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna aka fito da mutum fiye da 300, cikinsu har da yara, da yawa a ɗaure da sarƙa. Iyaye ne da kansu suka kai akasarinsu neman gyaran hali, saboda babu wani wurin da suka sani da za su kai kukan yaron da ya gagare su.

Abin da wasu ƙasashen Afirka suka gwada

Ruwanda ce ta fi zuwa nesa. Bayan kisan kiyashin 1994 gidajen marayu sun yawaita a ƙasar, wani bincike da aka kammala a 2012 kuma ya iske yara fiye da 3,300 a gidaje 33, da yawansu suna da dangi. Gwamnati ta tsara mayar da su cikin iyalai, amma ba ta tsaya a rufe ƙofofi ba. Ta ɗauki ƙwararrun ma'aikatan jin daɗin jama'a ta tura gundumomi, ta kuma sa aka zaɓi mutum biyu a kowane ƙauye, mace da namiji, waɗanda ake kira abokan iyali, jimillarsu kusan 30,000, aikinsu shi ne ziyartar gidaje, da sasanta ƙananan matsaloli, da kai manyan gaba. Masu suka sun ce an yi gaggawa a wasu wurare, kuma yara masu buƙata ta musamman sun fi wuyar samun masu karɓa.

Kenya ta sabunta dokar yaranta a 2022, ta ba da wa'adin shekara 10 a sauya daga gidajen yara na masu zaman kansu zuwa kulawar iyali, ta kuma sanya kafala a cikin dokar a matsayin hanyar da hukuma ta sani. Afirka ta Kudu ta bi ta hanyar aljihu, inda tun 1998 take biyan kuɗin tallafin yaro kowane wata ga duk wanda ke rainon sa, uwa ce ko kaka.

Tsarin Ruwanda bai kamata ya zama baƙo ga mutumin Kano ko Katsina ba, domin mai unguwa da dagaci da limami da ungozoma sun riga sun san gidan da aka yi rasuwa da gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, Hukumar Hisba ta Kano kuma kullum tana karɓar ƙarar ciyarwa da cigiyar yara. Abin da babu shi ne horo, da rubuta abin da aka gani, da wani jami'i ƙwararre da za a miƙa wa lamarin idan ya wuce sulhu. Masu kare haƙƙin yara suna kuma jan hankali cewa sulhu ba ya dacewa da kowace matsala, domin fyaɗe laifi ne da kotu ke hukuntawa, kuma kashe maganar a zaure yana barin mai laifin kusa da yaron.

Talauci, da inda kuɗin ke tafiya

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 sun nuna mutum miliyan 133 na cikin talauci mai fuskoki da yawa, kashi 65 cikin 100 nasu a Arewa, kuma kimanin yara 2 cikin 3 na ƙasar suna cikin wannan hali. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Kawun da a da zai ƙara yara uku a kan nasa ba tare da dogon tunani ba, yanzu sai ya yi lissafin kwanon masara.

An riga an gwada tallafa wa iyali kai tsaye a nan Arewa. Tsakanin 2013 da 2019 wani shiri da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa a Jigawa da Zamfara ya riƙa bai wa mata masu juna biyu naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, har yaron ya cika shekara 2, tare da wayar da kai a kan shayarwa da abinci. Binciken da aka yi a kan shirin ya nuna raguwar tsumburewar yara, mata da yawa kuma sun ja jari da kuɗin. A Maiduguri, makarantar da Zannah Mustapha ya kafa a 2007 ta ɗauki marayun ɓangarorin rikicin Boko Haram duka, tana ba su karatu da abinci kyauta tare da taimaka wa iyayensu mata da sana'a, aikin da ya sa hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabonta ta Nansen a 2017.

An kuma ga abin da ke faruwa idan aka mayar da yaro gida hannu rabbana. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa sun kwashe dubban almajirai a motoci sun mayar da su jihohinsu. Da yake dalilin da ya fitar da su daga gida bai sauya ba, ba a daɗe ba tituna suka sake cika. Hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, wadda aka kafa da doka a 2023, ta gaji wannan matsalar.

Duk da haka, sadaka ta fi son abin da ido ke gani. Attajiri ko ɗan siyasa ya fi samun sauƙin sauke buhunan shinkafa a gidan marayu da azumi a ɗauki hoto fiye da bin gidaje arba'in na zawarawa kowane wata, ko da yake kuɗin riƙe yaro ɗaya a gini mai ma'aikata da masu gadi zai isa yara da yawa a gidajensu. Hukumomin zakka da waƙafi na Sakkwato da Kano da Zamfara su ne suka fi dacewa da juya wannan akala, domin suna da hujjar addini, kuma suna da hanyar isa gundumomi ta hannun hakimai.

Abin da zai shafi mutum a gidansa

Ga mai riƙon ɗan ɗan'uwansa, dokar tarayya ba ta haramta riƙon dangi ba. Abin da zai amfane shi shi ne takardar haihuwar yaron da sunan mahaifinsa na gaskiya, da rubuta dukiyar marayun a gaban alƙali ko shaidu tun ranar rabon gado. Wanda ke son riƙon yaron da ba nasa ba kuwa, hanyarsa ita ce ma'aikatar mata da kotu. A dokar tarayya sai ya kai shekara 25, kuma ya girmi yaron da aƙalla shekara 21, sannan a binciki halinsa da gidansa. Karɓar jariri ta hannun dillali ko ma'aikacin asibiti, ko da da kyakkyawar niyya, na iya jefa mutum cikin tuhumar safarar mutane a hannun NAPTIP, hukumar tarayya mai yaƙi da wannan laifi.

Ga bazawarar da talauci ya sa take tunanin miƙa 'ya'yanta, ƙa'idar tana gefenta, domin rashin abin hannu kaɗai ba hujjar raba ta da su ba ne, kuma kotu ce ke ba da umarnin ɗauke yaro bayan an nuna yana cikin haɗari. Ga masu gidajen marayu, abin da ke tafe shi ne tsaurara rajista da bincike, da buƙatar kowane yaro ya kasance da fayil da ke nuna inda ya fito da ƙoƙarin da aka yi na nemo danginsa. Gidan da ya mayar da kansa makarantar jeka-ka-dawo ko wurin saukar gaggawa na ɗan lokaci zai fi samun gurbi a sabon tsarin.

Duk wannan ya rataya ne a kan ma'aikata. Sai a ƙarshen 2022 Najeriya ta sami dokar da ta kafa majalisar da za ta tsara aikin jin daɗin jama'a a matsayin sana'ar ƙwararru, kuma sashen da ke wannan aiki a ƙananan hukumomi yana cikin waɗanda aka fi mantawa da su wajen rabon kuɗi da ababen hawa. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ya shafi wannan fanni, tunda a matakin ne ake ziyartar gidaje. Mai son sanin ko dokar jiharsa ta fara aiki zai iya duba kasafin kuɗin ma'aikatar mata ya ga nawa aka ware wa ɗaukar jami'ai da tallafin iyalai idan aka kwatanta da gine-gine, ya kuma tambaya a babbar kotun jihar ko kotun iyali ta fara zama.